Ɗinkin Ciki

Da keke ɗaya na dawo Tawa daga Abijan,
baƙi, na ƙafa, ya girme ni da shekara biyu.
Na kafa shi a rumfa, bakin hanyar Bilbis.
Riga uku a wuni, in Allah ya so, huɗu,
kowace sai na juya ta na duba cikinta
kafin in ce wa mai ita: ga taka.

Haka Baba Nomau ya koya mini:
"Waje na masu kallo ne, Illa,
ciki shi ke taɓa fata."

Bara, saura wata guda Babbar Salla,
Alhaji Bizo ya zo daga Yamai.
Ya murza wuyan wata taguwa, ya ja maɓalli, bai tsinke ba.
Ya ce: ɗari biyu nake so duk wata,
shagona na Wadata cin kaya yake kamar gara.
Ya dire jaka ɗari biyar kan teburin yanka,
har alli ya gangara ƙasa.

Na sayi kekuna huɗu masu wuta,
na ɗauki yara biyar, biyu 'ya'yan ƙanwata.
Rumfa ta zama shago, shago ya sami ƙofar ƙarfe,
aka rubuta sunana da shuɗin fenti.
Ni da nake ɗinki na koma ƙirga:
goma, ashirin, talatin, ɗaure, kai tasha.
Almakashi na cin yadi takwas a haɗe,
na ƙasa yana zamewa da faɗin yatsa.
To wa zai hango yatsa ɗaya daga Yamai?

Wanda ya gani ba a Yamai yake ba.
Malam Ƙasum ne, mai gyaran rediyo,
shekara tara ni ke yi masa ɗinki.
Ya zo ran Lahadi, kasuwa na tsakar ci,
rigar a ninke cikin baƙar leda.
Bai ɗaga murya ba.
Ya ce: kabbarar farko ta farke a hammata,
duk sahu an ji.
Ya ce: ba kuɗi na zo amsa ba,
na zo in ji ko lafiya kake.

Daren nan aka ɗauke wuta.
Na ciji waya a baki don haske,
na kwance ɗaurin da zai hau mota da asuba,
na juya su ɗaya bayan ɗaya.
Cikin arba'in, sha ɗaya kaɗai zan yarda ɗana ya sa.
Zare sako-sako,
kalmasa na tafe kamar jakin da ya ƙi hanya.
Yaran ba su da laifi.
Gudu na koya musu, gudu suka iya.

Na kira Alhaji, na ce tamanin zan iya.
Ya yi dariya: Illa, tsoron arziki kake.
Sauran ya ba wani a Ƙonni.

Yanzu keke ɗaya na lulluɓe da tsohon zane,
ban ma gama biyan kuɗinsa ba.
Yaro ɗaya ya tafi,
ƙanwata ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata.
Sahiya ta ce tamanin ba sa ɗaukar haya da kuɗin makaranta,
kuma gaskiyarta.
Wani daren nakan koma kan ɗari da ashirin ɗin nan
kamar harshe a gurbin haƙori.

Jiya dai na ga Hamidin, ƙaraminsu,
bai san ina kallo ba.
Ya gama riga, ya juya ta,
ya kai ta bakin ƙofa wajen haske,
ya ja hammatar da hannu biyu,
ya tsuke baki, ya ɗauki reza.

In hannunsa ya zauna, bayan damina
zan yaye zanen nan, in sa wa keken mai,
in ce wa Alhaji ya ƙara ashirin.
In har yana da sauran lambata.